Zauren kakanmu a birnin Zariya ya tsage: a rushe ko a gyara?

Ɗan Kwarbai, Malali, Kaduna

Assalamu alaikum. Na zo da wata magana ta gida da ta hana ni barci, don na san a cikinku akwai magina, akwai masu ilimin zanen gini, akwai kuma dattawan da suka fi ni sanin Zazzau.

Ni haifaffen cikin birnin Zariya ne, aiki ya kawo ni Kaduna shekara 26 ke nan. Gidanmu na gado yana cikin ganuwa, 'yar tafiya kaɗan daga ƙofar fada. Sassan ciki tuni suka koma bulo da kwano, abin da ya rage na ƙasa zaure ne da shigifa. Kakan mahaifinmu ya gina zauren. Rufinsa ɗaurin guga ne, bakan gizo sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya, da wata tsohuwar tasa liƙe a mahaɗar. A nan aka ɗaura auren kowace mace a gidanmu, a nan Baba ya yi shekara 40 yana ba da karatu bayan asuba, a nan kuma aka karɓi gaisuwar rasuwarsa. Ko a watan Afrilu da azahar ka shiga, sanyinsa sai ka ce gindin randa.

Daminar bara bangon gabas ya tsage, tsagar da yatsuna huɗu suke shiga. Ƙannena biyu da ke zaune a gidan sun ce a rushe, a fitar da shaguna uku a bakin hanya. Ban ga laifinsu ba. Tun ranar 11 ga Agusta 2023 da rufin Masallacin Juma'a ya rufta wa mutane suna tsakar sallar la'asar, duk wanda ke cikin birni kallon tsoro yake wa tsohon gini. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ranar. Masallacin nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, shi ne abin da muke nuna wa baƙo muna ƙirji. Idan shi ya faɗi, me zan ce wa ƙanena game da zauren da 'ya'yansa ke bi ta ciki safe da yamma?

Da na kusa yarda da su. Abin da ya mayar da ni baya tafiyar da na yi Indiya ce a watan Janairu, wajen ɗiyata da ke karatu a Bangalor. Ita ta matsa sai mun je wani tsohon gari da ake kira Hampi. Jirgin ƙasa na dare ya sauke mu a Hosapete, daga nan kamar kilomita 13 ne. Garin haikalai ne na mabiya addinin Hindu a bakin kogin Tungabhadra, shi ne babban birnin daular Vijayanagara kafin a ci shi da yaƙi a 1565. Ban shiga wurin bautarsu ba, ba abin da ya kai ni ke nan ba. Garin na je gani, kuma na gan shi da kyau.

Babban haikalin, Virupaksha, har yau ana ibada a cikinsa, hasumiyar ƙofarsa ta kai kusan mita 50. A wani haikalin, Vittala, mota ba ta isa kusa, can nesa ake ajiye ta a ɗauko mutane a ƙananan motoci masu batir. Ginshiƙan dutsen da a da baƙi ke ƙwanƙwasa don su ji amonsu, an hana taɓawa. Baƙo daga waje yana biyan kuɗin shiga ninkin ba ninkin na ɗan ƙasa. Keken dutsen da ke farfajiyar, hotonsa ne a bayan takardar kuɗinsu ta rufi 50 da ke aljihuna. Wanda ya zaga da mu ya ce dokar ƙasarsu ta hana sabon gini a cikin mita 100 daga duk ginin tarihin da gwamnati ta killace, mita 200 na gaba kuma sai da izini. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin wuraren gado na duniya tun 1986.

Ina tsaye a wurin zuciyata tana Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, inda na ga da idona ana ɗibar ƙasar ganuwa a baro. Na dawo na ce wa ƙannena su dakata mini zuwa bayan salla.

To, jama'a, zaure irin wannan yana gyaruwa, ko son zuciya ne kawai ke ɗibata? Sannan irin tsarin nan na Hampi, na a shata iyaka a ce daga nan zuwa nan ba a taɓawa, ba zai yiwu a cikin ganuwar Zariya ba?

Jikan Magina, Tudun Wada

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta wa Babanmu saƙonka daga farko har ƙarshe. Shekararsa ta haura 70, ginin ƙasa ya gada, ya yi aiki a birni kafin ƙafa ta zaunar da shi. Abin da ke ƙasa maganarsa ce, ni rubutu kawai nake.

Ya ce tun kafin komai a daina kwana a zauren, a hana yara zama a ciki, a samo itatuwa masu ƙarfi a tokare bakan da ke ɓangaren tsagar. Rai ya fi gini.

Da ya ji ka ce bangon gabas, sai ya girgiza kai ya ce dama can ne. Hadari daga gabas yake taso mana, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi ya sa a da shi ake fara yi wa yaɓe kowace shekara kafin ruwan farko. Ya ce a tambaye ka: an taɓa shafa wa bangon nan siminti? Yana rantsuwa cewa abin da ya fi kashe gidajen ƙasa a birni ke nan. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa. Idan ka rufe ta da siminti, ruwan da ya shiga ta sama ko ta gindi ba shi da hanyar fita, sai tubalin ya riƙa narkewa a ciki alhali waje sumul. Ka ƙwanƙwasa da bayan hannu, in ka ji yana amsawa kamar ganga, to simintin ya rabu da bango, rami ne a tsakani.

Ya ce ka duba gindin ginin ta waje. Wurare da yawa da aka yi titi ko kwata, hanya ta fi daɓen gida tudu, ruwa sai ya dawo ya kwanta a jikin bango. Kududdufan da aka haƙa aka gina unguwannin da ƙasarsu, su ne suke shanye ruwan unguwa, yanzu an cike su da bola an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Sannan a hau sama a duba indararo. Indararo ɗaya ya toshe, damina ɗaya ta isa ta jiƙa rufi har azara ta ruɓe.

Azarar ita ce babbar magana. Bakan gizo ba ƙasa zalla ba ne, azara ce aka jera aka ɗaure tana fitowa daga bango kaɗan-kaɗan, aka lulluɓe da ƙasa. In azarar lafiya take, tsagar bango ba komai ba ce: a tone ta, a ɗinke da gajerun azara a gicciye, a mayar da tubali, a yaɓe. In gara ta ci kan azarar inda ta shiga bango, aikin ya yi nauyi, amma ya ce ya sha canza su ɗaya bayan ɗaya rufin yana tsaye. Hanyar gane ko tsagar tana ci gaba: a liƙa ɗan yaɓe a gicciye a wuri uku, a dawo bayan sati biyu. In ya tsage, ginin yana motsi.

Abin da ya sa shi yin shiru na ɗan lokaci shi ne kayan aiki. Makuba, wadda ake yaɓe da ita don kare bango daga ruwa, daga ɓawon ɗorawa ake yin ta, wannan ana samu. Laso kuwa, simintin gargajiya na shafe rufi da bango, sai da katsi daga ramin marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Marinar ta mutu, ina za ka samo katsi? Azarar kirki daga namijin giginya da ya tsufa take, yanzu ɗanya ake sarewa a kawo kasuwa. Ya lissafa mini waɗanda ya sani da za su iya ɗaura baka a yau, yatsun hannu ɗaya ba su ƙare ba, kuma duk sun manyanta. Mu 'ya'yansa babu wanda ya koya, ni kaina walda nake yi.

In ka shirya zuwa Zariya ka yi mini magana ta akwatin sirri, zai haɗa ka da wani tsohon yaronsa.

'Yar Kawo

Baba ya gama magana a kan zauren, ba abin da zan ƙara sai dai na ce duk abin da ya faɗa game da siminti shi muka karanta a jami'a da dogon Turanci. Zanen gini na karanta a Samaru, a nan Kaduna nake aiki. Tambayarka ta biyu nake so na taɓa, Yaya, don Hampi tana da wata fuskar da mai zagawa da baƙi ba lallai ya nuna maka ba.

Dogon titin nan da ke fuskantar ƙofar Virupaksha, mai rumfunan dutse hagu da dama, ka gan shi fayau ko? A da cike yake da mutane. Iyalai sun zauna a cikin rumfunan, sun yi ɗakuna da shaguna da wuraren sayar da abinci. A watan Yuli na 2011 aka kawo motocin rusau aka tashe su, aka mayar da su wani wuri nesa da haikalin da baƙin da suke ci da su. Kafin nan ma, daga 1999 zuwa 2006, garin yana cikin jerin wuraren da UNESCO ta ce suna cikin haɗari saboda gadojin da aka fara ginawa a kan kogin. Tsaftar da ta burge ka, akwai waɗanda suka biya kuɗinta da muhallinsu.

Ka ɗauko wannan mita 100 ɗin ka aza a ƙofar fada ko a jikin ganuwa, ka ƙirga gidajen da za su faɗa ciki. Mutum yana da 'ya'ya maza biyar sun isa aure, ka ce ba zai ƙara ɗaki ba? Ranar da aka kafa dokar, ranar za a fara rushe tsofaffin zauruka da dare kafin a zo a rubuta su.

Kuma Hampi dutse ce. An watsar da ita fiye da shekara 450, ga ta nan tsaye. Ginin ƙasa in ka kulle shi ka tafi, damina biyar ta isa. Shi sai da mutum a ciki, wanda zai ga ɗigon ruwa da dare ya tashi da safe ya hau sama.

Ni garin da nake ganin ya fi kama da namu shi ne Jenne a ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa ne, ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne. Kowace shekara gari gaba ɗaya ke fitowa yaɓe: samari na ɗauko kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kwanduna, mata na kawo ruwa, unguwa da unguwa suna gasa. Itatuwan da ke fitowa daga jikin bangon su ne matakalar magina. Maginan suna da ƙungiyarsu ta gado, kuma gida yakan san magininsa kamar yadda mu muka san wanzaminmu. Ko can ɗin ba a tsira ba, a Nuwamban 2009 saman ɗaya daga hasumiyoyin ya zube bayan ruwa mai ƙarfi, aka sake gina shi. Mazauna garin kuma suna kuka da ƙa'idojin da suka hana su sauya fasalin gidajensu. Amma ilimin yana hannun masu rai, wannan shi ne abin da ke kuɓuce mana.

Doka kuwa muna da ita. Tun 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, ganuwar Zariya tana cikin abubuwan da aka ayyana. Suna a takarda bai taɓa hana ruwa cin bango ba. Wuraren Najeriya biyu ne a jerin UNESCO, Sukur a Adamawa tun 1999 da kurmin Osun a Oshogbo tun 2005, kuma duka biyun abin da ya riƙe su shi ne mutanen wurin ba su daina amfani da su ba.

Da za a tambaye ni abin da birnin Zariya ke bukata, sai na ce a fara bi unguwa-unguwa a rubuta zaurukan da suka rage, a auna su, a ɗauki hoto. Aikin hutun ɗalibai ne wannan. Yau in kana son ganin yadda cikin masallacin Babban Gwani yake a asalinsa, akwai kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, saboda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya zauna ya auna gine-ginenmu tun da daɗewa. Ba don ma'aunin nan ba da sai dai labari. Bayan haka magudanar ruwa, don ita ce ke kashe gini ta gindi. Sai ɗan tallafin yaɓe duk shekara ga mai zauren da ya yarda ya bar shi, da albashi ga dattawa irin su Baba su koyar da yara. Kuɗin gaba ɗaya ba zai kai na gada ɗaya ba.

Kai dai, ko me kuka yanke, kar a taɓa zauren sai an auna shi. Ni zan zo da ma'aunina ranar wata Asabar, kyauta.

Mai Shago, Kasuwar Barci

Alhaji, da girmamawa, bari na faɗi wadda ba a faɗa ba. Kai kana Malali cikin gidan bulo, ƙannenka su ke kwana kusa da tsaga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shago uku a bakin hanya a cikin birni kuɗin makarantar yara ne duk shekara. Zauren kuma gado ne, kowa yana da rabonsa a ciki har da 'yan'uwanku mata. In kana son ya tsaya, ka sa a yi masa kuɗi ka sayi rabonsu, ko ka ɗauki nauyin gyara da yaɓen kowace shekara a rubuce da shaidu, ka kuma duba abin da za su rasa na haya. Kar ka sa su biya kuɗin ƙaunar da kai kake yi wa wurin.

Batun baƙi masu sayen tikiti kuma a ajiye shi. Ga gadar Lugga nan a Ƙofar Gamji da aka ɗauko daga Zungeru, ga gidan tarihi a titin Ali Akilu, ga Gidan Arewa a titin Rabah inda Sardauna ya zauna. Mu da ke garin nan mutum nawa ne muka taɓa kai 'ya'yanmu? Ni sau ɗaya na je, shi ma makaranta ce ta ce a rako yara.

Namu zauren a Unguwar Juma mun rushe shi shekara tara da suka wuce. Mahaifiyarmu ta yi kuka ranar. Ni ma har yau in na je ba na son kallon wajen, amma da hayar shagunan aka yi wa ƙannena biyu aure.

Ɗan Kwarbai, Malali, Kaduna

Na gode muku gaba ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Jikan Magina, ka gaishe mini da Baba, ka ce masa maganarsa ta tabbata tun kafin na sauke jakata.

Asabar ɗin nan na hau mota a Kawo da sassafe. Simintin da ya tambaya yana nan, kuma ni na saye shi. Albashina na farko a Kaduna da shi na aika aka shafe bangon gabas, don na hutar da mahaifinmu yaɓen kowace shekara. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ganga tun daga ƙasa har kafaɗata. Na daɗe tsaye a wurin.

Maginin da kuka haɗa ni da shi ya zo bayan azahar. Ya ɓamɓare simintin kamar faɗin tabarma, ƙasar ciki jiƙe take duk da rabonmu da ruwa wata biyar. Kwatar da aka yi a layinmu ta fi gindin bangon tudu da kusan taki ɗaya, ruwan wanke-wanken maƙwabta ma nan yake tsatsowa. A sama ya tarar da indararo biyu cike da leda da sheƙar tantabara. Ya soki kan azara ɗaya bayan ɗaya da tsinken ƙarfe, biyu sun ruɓe, sauran ya ce sun fi shi lafiya. Mun tokare bakan, mun liƙa yaɓen gwaji a wuri uku, an buɗe wa yara ƙofar baya.

'Yar Kawo, maganar mutanen titin nan ta Hampi ban san ta ba. Na tuna na tsaya a wurin ina yaba faɗinsa. Ki zo da ma'aunin, Gwaggonmu ta ce za ta yi miki tuwo.

Mai Shago, taka ce ta fi yi mini zafi, kuma ita na bi. Na gaya wa ƙannena gyara da yaɓe na kaina ne muddin ina raye, a rubuta. Na kuma kawo shawarar a fasa katangar bulo ta kudu a fitar da shago biyu a can, kuɗin ginin daga wajena, hayar tasu. Babban ya yarda. Ƙaramin ya ce bakin hanyar kudu ba ciniki, kuma ya tambaye ni wa zai ci gaba da yaɓen bayan raina, tunda 'ya'yana a Kaduna aka haife su, ba su san gidan ba sai da salla. Ban ba shi amsa ba. An bar maganar sai Gwaggo ta tara mu bayan salla, da 'yan'uwanmu mata.

Kafin nan maginin yana bukatar azara shida ta tsohuwar giginya, busassa, kuma yana so ya gama kafin ruwan farko. Wanda ya san inda ake rushe tsohon soro a Zariya ko Giwa ko Soba, don Allah ya sanar da ni kafin a faskara azarar a yi girki da ita.